Bas Mai Tsirkiya Huɗu

Dungas, 6 ga Yuli, 2024

Zuwa ga 'yata Raliya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da Goggonki da duk mutanen gidanta a Yamai. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har ya koma gona duk da na hana shi. Ruwa ya sauka sau uku, an gama shuka, hatsi ya fito, ban da gonar tudu da rairayi ya binne, sai an sake ta. Yayanki Hamma ya tafi da shanu wajen kiwo.

Takardarki ta iso ta hannun direba. Ki ci gaba da rubutawa. Waya ta gaisuwa ce. Abin da ke da muhimmanci a sa shi a takarda, don kada gobe wani ya ce ba haka ya faɗa ba. Amma ki gyara rubutunki. Ni da na tsaya a kolejin Magariya ban taɓa miƙa wa babba layuka a karkace ba, balle ke da kika yi makarantar lise ta fasaha.

Tun watan Afrilu da kika rubuta cewa Malam Labbo, mai atiliyen gyara inda kike koyon aiki, ya ɗauke ki daga gyaran rediyo ya ba ki aikin wutar bas, na gaya miki na ji daɗi. Har yanzu ina ji. Mota tana kai mai ciwo asibiti, tana kai hatsi kasuwa. Wanda ya gyara ta ya ci halal. Matan unguwa da suka ce na tura 'ya mace birni ta lalace, duk na bi su gida-gida na gaya musu.

Ga abin da ya sa na rubuta. Kin san tsohuwar bas ɗin Mainassara mai zuwa Magariya. Fitilunta sun mutu, kuma sai an tura take tashi. Masu gyara biyu sun taɓa ta sun ƙara ɓata ta. Na yi masa alkawari a gaban mutane cewa idan kin zo hutu lokacin girbi za ki duba masa. Ki zo da kayan aikinki. Kada ki ba ni kunya.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki rage shan shayi.

Mahaifiyarki,
Marwa


Yamai, 17 ga Yuli

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ni lafiya ƙalau. Goggo ta yi zazzaɓi kwana biyu amma ta tashi, tana gaishe ku.

Inna, na fara wannan takarda sau huɗu ina yagawa. Ba zan iya gyara motar Mainassara ba. Bas ɗin da nake aiki a kai ba mota ba ce. Gita ce, irin babbar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke ƙasa-ƙasa a bayan sauran kayan kiɗa. Sunanta ke nan, bas. A cikin jikinta akwai wayoyi da ƙananan na'urori, su nake gyarawa. Atiliyen Malam Labbo rabinsa rediyo ne da telebijin, rabinsa kayan makaɗa.

Ranar da na rubuta miki a watan Afrilu ban yi niyyar ruɗa ki ba. A nan Yamai motar "bis" ake ce mata, na manta cewa mu a gida "bas" muke cewa kamar mutanen Najeriya. Sai da amsarki ta zo kina sa mini albarka a kan mota, sannan na gane. A ranar ya kamata in gyara maganar. Ban gyara ba. Kin rubuta "na ji daɗi," kuma ban tuna ranar da kika taɓa rubuta mini haka ba, sai na kasa.

Ba na kiɗa, ba na zuwa wurin rawa. Makaɗa suna kawo kayansu da rana, su tsaya bakin tebur, su tafi. Malam Labbo dattijo ne, ba ya barin kowa ya yi mini maganar banza. Ki tambayi Goggo.

Na san na jawo miki kunya. Ki yafe mini.

'Yarki,
Raliya


Dungas, 27 ga Yuli

Raliya,

Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Goggonki sauƙi. An sake gonar tudu, ana noman fari.

Kin kira sau shida, na miƙa wa babanki wayar. Wannan magana ba ta waya ba ce.

Na je da ƙafata tasha na samu Mainassara a ƙarƙashin motarsa na gaya masa. Ya fito yana goge hannu, ya ce, "To Marwa, gitar fasinja nawa take ɗauka?" 'Yan kabu-kabu suka yi ta dariya har na fita tashar ina jin su. Na bi gidajen da na bi a baya, ɗaya bayan ɗaya, na janye maganata. Ban tsallake ko ɗaya ba. Ina gaya miki ne don ki san yadda ake yi.

Ki fahimce ni da kyau. Ba na son kiɗan zamani, ba na son 'yata a tsakiyar makaɗa, kin kuma san haka. Amma ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba. Ba ki yi ƙarya da bakinki ba, kin dai zauna kin bar ni ina yi a madadinki wata uku. Tun kina ƙarama haka kike. Kin ga ɗan maraƙi ya kwance igiya, kika yi shiru don kada a ce ke kika ɗaure shi. Na ɗauka karatun lekol ya cire miki wannan hali. Mace mai irin wannan shirun, a birni, nesa da uwarta, ba na iya barinta. Yau ni kika ji tsoron ɓata wa rai, gobe wani ne zai ce ki yi abin da bai dace ba, ki kasa cewa a'a.

Saboda haka na yanke. Idan aka fara girbin hatsi ki tattara kayanki duka ki dawo gida. Ba hutu ba. Babanki ya ce in yi haƙuri, na ce masa na ji. Ki sanar da Malam Labbo tun yanzu, ki yi masa godiya, kada ki bar masa aiki rabi.

Na yafe miki. Yafewa daban, dawowa daban.

Mahaifiyarki,
Marwa


Yamai, 8 ga Agusta

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ina yi muku barka da aiki. Mu nan lafiya, sai ruwa da ya cika mana titi.

Na ji umarninki, zan dawo. Na gaya wa Malam Labbo. Ya ce in gama aikin da ke hannuna. Tun da kin ce kada in bar aiki rabi, ki bar ni in gaya miki mene ne, ko sau ɗaya ki san abin da hannuna yake yi.

A bayan jikin bas akwai wani rami da ake rufewa da murfi. A ciki ake sa wata na'ura kamar kwalin ashana, sunanta pirampili. Ita ke ƙarfafa muryar gitar ta gyara ta kafin ta bi igiyar waya zuwa lasifika. Da pil take aiki, wato batir, amma ba irin na tocila ba, wani ne mai kusurwa huɗu da 'yan kawuna biyu a sama. Ga zanensa a ƙasan takarda.

Wani makaɗi mai suna Kamalu ya kawo bas ɗinsa, tata na'urar ta ƙone. Muna da iri biyu. Ta farko tana da maɓallai uku: na muryar ƙasa, na tsakiya, na sama. Pil biyu take ci a lokaci ɗaya, shi ya sa ko an bugi tsirkiya da ƙarfi muryar ba ta fashewa. Amma in pil ya ƙare, gitar ta zama bebiya nan take. Ta biyu maɓallai biyu gare ta, ƙasa da sama, pil ɗaya. Ba ta kai ta farko tsabta ba, in an buɗe sama duka tana ɗan yin "sss". Sai dai tana da dabara: in pil ya mutu, sai a ja maɓallin ƙara sauti waje, gitar ta kewaye na'urar ta ci gaba da magana da muryarta ta asali.

Kamalu ta farko yake so, ya gan ta a bidiyo a hannun makaɗan ƙasashen waje. Ni ina ganin ta biyu ta fi dacewa da shi. Bayan girbi ƙungiyarsu za ta zagaya ƙauyukan gabas, har Magariya da Mallawa, ban kuma san ko ana sayar da irin wannan pil a can ba. Kuma yana da wani hali: in ya gama kiɗa ba ya zare igiyar waya daga jikin gitar, alhali muddin tana soke pil yana ci gaba da ƙonewa ko ba a taɓa ta ba.

Malam Labbo ya ce aikin nawa ne, in na yi shi da kyau zai ba ni teburina na kaina. Yanzu ba maganar tebur. Kamalu mutum ne mai faɗa, kuma babban mai kawo mana aiki ne. Zan sa masa wadda yake so kawai, a rabu lafiya.

Na naɗe ɗan katin waya, irin na ajiye waƙoƙi, a cikin takardar nan. Na ɗauki muryar kowace, kiɗa ɗaya, hannu ɗaya. In ba kya so ki jefar.

'Yarki,
Raliya


Yamai, 2 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Kwana ashirin da biyar ban ga takardarki ba. Baba ya ce a waya kina lafiya, kin je Magariya, bai san komai ba bayan haka. Na gane kin yi fushi da katin. Bai kamata in aiko da kiɗa gidanki ba, ki yi haƙuri.

Kamalu ya yi tafiya, zai dawo tsakiyar wata, sai in sa masa na'urar. Na ɗaure kayana, akwati ɗaya da buhu ɗaya. Goggo tana kuka tana cewa za ta kira ki, na hana ta. Ki gaya mini ranar da za a fara girbi.

Raliya


Dungas, 9 ga Satumba

Raliya,

Muna lafiya. Hatsi ya yi kai, tsuntsaye sun fara damun mu. Ki gaida Goggonki, ki ce ta share hawayenta, ba wanda ya mutu.

Kin karanta shiruna ba daidai ba. Ba fushi nake ba, aiki nake. Ba na amsa tambaya kafin in bincika.

Na sa katin a waya, ban ji komai ba sai kamar ƙuda a cikin gwangwani. Na sa a rediyon babanki, ya ɗan fi. Sai na tuna yadda murya ke yi in mutum ya leƙa randa ya yi magana, na juye ruwan babbar randa na sa rediyon a ciki. Nan na ji. Babanki ya shigo ya same ni durƙushe da kaina a bakin randa, ya ce, "Marwa, aljanun sun amsa?" Ban kula shi ba.

Na saurari kowace sau bakwai. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta goyi bayanki ba: ta farko ta fi daɗi. Kamar bijimi yana kuka kusa da kai, kana jin shi a ƙirji. Ta biyu bijimin ne dai, amma a bayan danga, kuma na ji "sss" ɗin, kamar ana suya a gidan maƙwabta. Mutumin nan kunnensa bai yi ƙarya ba. Kada ki raina shi.

Sannan na ɗauki zanenki na shiga kasuwar Dungas, ranar kasuwa biyu a jere. Na nuna wa duk mai sayar da tocila da rediyo. Babu. Ɗaya ya ce ai maganin ɓera ne. Na tambayi masu zuwa Mallawa, suka ce sai dai a yi saƙo daga tsallaken iyaka a jira. Da na je bikin suna Magariya na bi kanti tara. Na sami guda ɗaya a kanti ɗaya, rana ta cinye rubutun jikinsa, mai kantin bai san shekararsa nawa a wurin ba. Ga shi na aiko miki, ki auna. To ke ma hankalinki bai yi ƙarya ba.

Amma layi ɗaya a takardarki ya fi duk wannan. Kin rubuta, "Zan sa masa wadda yake so kawai, a rabu lafiya." Na karanta shi na ajiye takardar. Abin da kika yi mini shi za ki yi wa bawan Allah nan. Zai tsaya gaban jama'a a Mallawa gitarsa ta mutu a hannunsa, kamar yadda na tsaya a tasha, ke kuwa kina sane tun farko.

Ga sharaɗina. Ranar da ya dawo ki gaya masa duka a fuskarsa: cewa tasa ta fi daɗi, cewa babu pil a nan, da kuma halinsa na barin igiya a soke. Na ukun ne mai wuya, kada ki tsallake shi. Abin da ya zaɓa bayan nan ruwansa. Malam Labbo ya rubuta mini layi biyu da hannunsa cewa kin faɗa. In na ga haka zan sake duba maganar dawowarki. Ban ce na janye ba. Na ce zan duba.

Mahaifiyarki,
Marwa


Yamai, 19 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, Allah ya kare hatsi. Mu lafiya. Pil ɗin Magariya na auna shi, ya mutu tun tuni.

Kamalu ya zo ranar Talata da hantsi da abokansa biyu. Na riga na haɗa na'urorin biyu a gitocin gwaji na atiliye. Ya ce, "Ina tawa? Ina sauri." Na ce ina da magana uku. Malam Labbo ya ƙi ɗago kai daga telebijin ɗin da yake gyarawa.

Maganar farko ta yi masa daɗi. A magana ta biyu ya ce, "'Yar Dungas, wa ya ce miki babu pil a garinku?" Na ajiye na Magariya a gabansa na ce uwata ce ta bi kanti tara. Ɗaya daga abokansa ya ce, "Uwarki ma'aikaciyar duwan ce?" Na ce a'a, ta fi masu tsaron iyakar bincike. A ta uku ransa ya ɓaci. Ya ce shekara goma sha biyu yana kiɗa, ba yarinyar da za ta koya masa zare waya. Abokin nasa ya ce, "Ai gaskiya ta faɗa, takalminka ma ba ka cirewa." Kamalu ya ɗauki hularsa zai fita.

Na ce ya gwada kafin ya tafi. Yana cikin kaɗa gita mai na'ura ta farko na zare pil. Shiru. Yatsunsa suna tafiya, ba abin da ke fita. Na ba shi ta biyu, na zare, na ja maɓallin, ta ci gaba. Ya daɗe yana kallon gitocin biyu.

Inna, bai bi shawarata ba. Ya ce kunnensa nasa ne, ta farko yake so. Amma ya ce, "Wannan dabarar ta jan maɓalli, ba za a iya sa wa tawa ba?" Ban taɓa tunanin haka ba, don ban taɓa barin maganar ta kai nan ba. Malam Labbo ya ɗago ya ce irin gitarsa za ta karɓa, aiki ne mai wuya a rami ƙarami, kuma ni zan yi. Kwana biyu ke nan ina kai, na ƙona yatsa da ƙarfen dalma, saura waya biyu.

Kayana suna ɗaure. Ina jiran maganarki.

'Yarki,
Raliya

Hajiya, ina gaisuwa. Ta faɗa, duka uku, ban taimake ta ba. Labbo.


Dungas, 28 ga Satumba

Raliya,

Muna lafiya. An fara girbi jiya, hatsi ya yi kyau, har gonar tudu ta ba da abin da ba mu zata ba. Ki sa man shanu a yatsan, kada ki fasa ƙurjin.

Na ga layin Malam Labbo. Ki gode masa, ki kuma gaya masa ban je Makka ba tukuna, sunana Marwa.

Na duba maganar. Ki kwance kayanki.

Kada ki ɗauka na fara son kiɗa. Magariba ta same ki a gidan Goggonki. Ba za ki bi makaɗa yawo ko'ina ba, iyakarki tebur. Wayoyi biyun da suka rage ki ɗaure su da kyau, ki gwada sau goma kafin ki miƙa. Kuma daga yau duk kalmar da kika san tana da fuska biyu, ki rubuta mini wace kike nufi.

Abu na ƙarshe. Ki tambayar mini ranar da mutanen nan za su yi wasa a Magariya, ki rubuto da wuri. Ba zan shiga filin ba, ni ba matar filin rawa ba ce. Amma ƙawata Yakura, wadda muka yi kolej tare, katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da filin, kuma na daɗe ban je na gaishe ta ba.

Allah ya yi miki albarka, ke da aikin hannunki.

Mahaifiyarki,
Marwa